Za a iya sauya wa bindiga harsashin da take ci? Amsa ga mai tambaya daga Mirya

Tambayar ta zo mini ne daga wani matashi na wajen Mirya. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa bindigar farauta ƙirar Beljiyam, irin mai ɗura wa kanta harsashi, wadda duk jan kunama ɗaya take fitar da harsashi ɗaya ta kuma ɗauko na gaba da kanta. A jikin bututun an buga 7x64. Harsasan da tsohon ya bari saura tara, ya nema a Damagaram bai samu ba, ya yi aike Yamai ba a dace ba. Sai wani mai aikin ƙarfe ya ce ya kawo masa ita, zai faɗaɗa mata ciki ta riƙa cin harsashin kalashi, wato bindigar soja AK-47, tunda shi ba ya wuyar samu. Ya ce da ni: Baba, hakan na yiwuwa? Kuma nawa ya kamata in biya?

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Kada ka biya ko dala, kuma kada ka bar bindigar nan ta kwana a hannun mutumin. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a ɗakin gyaran makamai na soja kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya yi maka tayi na ga ƙarshensa da idona. Amma ba na son in ce maka a'a kawai in juya baya, domin in ba ka san dalili ba, gobe wani mai daɗin baki zai sake shawo kanka. Saboda haka ka zauna mu bi abin a tsanake.

Mu fara da lambobin nan da aka buga. Bakwai ɗin farko faɗin ramin bututu ne da milimita, 64 kuma tsawon kwanson harsashin ne, wato tagullar nan da ke riƙe da albarushi. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Brenneke ne ya ƙirƙiro wannan harsashi a 1917, kuma ya bazu a hannun maharban Faransa saboda tun 1939 dokarsu ta ɗauki duk harsashin da soja ke amfani da shi a matsayin kayan yaƙi, aka yi shekaru masu yawa ba a barin maharbi ya yi farauta da irinsa. Ta wannan hanya ce irin bindigar mahaifinka ta iso ƙasashenmu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Harsashin kalashi kuwa 7.62x39 ne, Tarayyar Sobiyet ta fito da shi a 1943. Mai jin bakwai a nan da bakwai a can sai ya ɗauka ƴan gida ɗaya ne. To ko masu amsa sunan 7.62 ɗin ma ba sa shiga gidan juna. Akwai 7.62x51 na ƙungiyar NATO tun 1954, wanda bindigogin soja G3 da FAL ke ci. Akwai 7.62x54 na Rasha mai baki a gindi, wanda ke aiki tun 1891. Suna ɗaya, amma tsawo daban, kauri daban, siffar kafaɗa daban, ƙarfi daban. Kan harsashin kalashi, wato dalmar da ke fita, faɗinta ya kai milimita 7.9, ita kuwa ta bindigarka bai wuce 7.25 ba. A ido bambancin ba komai ba ne. A cikin bututu kuwa tamkar a tura ɗan maraƙi ta ƙofar akurki ne da ƙarfin tsiya.

Shi ya sa mutumin naka ya ce zai faɗaɗa. To me zai faɗaɗa? Ka cire harsashi, ka tabbata babu komai a ciki, ka buɗe sakata ka ɗaga bututun saitin haske. Za ka ga wasu layuka sun murɗa daga gindi har baki kamar igiyar da aka tufka. Wannan tsagar ita ce ke sa dalma ta fita tana juyawa kamar katantanwar yara, kuma juyin nan ne ke hana ta tuntsurawa a iska. An auna saurin murɗin ne daidai da tsawon dalmar da nauyinta. Ranar da aka zura ƙarfen huji a ciki, tsagar ta tafi, kuma babu injin sassaƙar ƙarfe a garin nan da zai maido ta. Abin da zai rage maka bututu ne sumul wanda bangonsa ya ragu, dalma na fita tana karkarwa, ka auna tuje a taku ɗari ta tafi inda Allah ya nufa.

Wannan ma ƙaramar matsala ce a kan ta mazaunin harsashi, wato ɗan ɗakin nan da ke gindin bututu inda kwanso ke zama. An sassaƙe shi daidai jikin kwanso mai tsawon milimita 64. Kwanson kalashi 39 ne, kuma gindinsa ya fi naka siranta. Rami kuwa ana iya ƙara masa girma, ba a iya rage shi da huji. Don haka dole ɗayan biyu: ko ya yanke gindin bututun ya sake fafe wani mazaunin a inda ƙarfen ya fi siranta, ko ya cusa wani zoben ƙarfe ya cike giɓin. Duka biyun na ga an yi, kuma duka biyun hanyar asibiti ce.

Ba ƙarya nake wa maƙeranmu ba, kuma ban raina su ba. Garin nan ya san ƙira tun kafin Nasara ya zo. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu maƙeran Birni, tsohuwar unguwar garin, sun zuba igwa da hannunsu, an kuma haɗa albarushi a nan Damagaram, har sarakunan maƙwabta suna shakkar ƙarfinmu. Amma wancan baƙin albarushi ne, na gawayi da farar wuta da gishirin bindiga, mai ci a hankali da hayaƙi mai yawa, irin wanda har yau ake ɗura wa adaka ranar hawan salla. A 1884, shekarar da Tanimu ya rasu, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, bayan shekara biyu kuma aka fito da bindigar Lebel mai cinsa. Daga nan lissafi ya canja gaba ɗaya. Gwanintar da ta ishi adaka ba ta isa wannan ba, komai hasken idon maƙeri.

Bari in ba ka lambobi ka auna da kanka. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska bar biyu zuwa biyu da rabi, bar kuwa shi ne ma'aunin matsi, kuma ka san ƙarar da take yi in ta fashe. Harsashin kalibar 12 na yau da kullum (kalibar ita ce lambar girman harsashin da bindiga ke ci), wanda maharbanmu ke kashe zabo da shi, iyakar matsin da aka yarje masa bar 740 ne. Na kalashi bar 3550. Naka, 7x64, bar 4150. Duk wannan ƙarfi yana tashi ne cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a cikin ɗakin da bai wuce yatsa ba, kuma tsakanin ɗakin nan da idonka na dama bai fi kamu ɗaya ba. Abin da ke tsare fuskarka shi ne bangon tagulla siriri da ya lafe a jikin mazauni ta ko'ina, da sakata da ta tokare shi ta baya ba tare da giɓi ba.

A kan giɓin nan nake son in daɗe, domin shi ne abin da wanda bai yi aikin ba ba ya gani. A ɗakin gyara muna da wasu ƴan ƙarafa biyu masu siffar kwanso, da muke ajiyewa cikin kyalle mai mai kamar zinariya. Duk bindigar da aka taɓa mata bututu ko sakata, sai an gwada ta da su. Ka sa na farko, ka tura sakata da yatsa biyu a hankali, dole ta rufu. Ka sa na biyu, ka tura haka, dole ta ƙi. In ta rufu a kan na biyun, bindigar ba ta komawa hannun soja, ko da kuwa sabuwa ce ful. Bambancin tsawon ƙarafan nan biyu bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kusan kaurin silin gashi. Na sha tsayawa da bindiga a hannu ina jin yadda sakatar ke shirin zarcewa, ina tura ta kamar mai taɓa ƙwai, domin da ɗan ƙarfi kaɗan za ta rufu ta yi maka ƙarya. In giɓin ya yi yawa, kwanso na miƙewa baya ya tsinke a ƙugu, wuta ta fito ta inda fuska take. In ya yi kaɗan, sakata ba ta gama kullewa, a bindiga mai ɗura wa kanta kuwa hakan na iya sa harsashi ya tashi ƙofa a buɗe. Ka tambayi mutumin naka ko yana da waɗannan ma'aunai. Ko yana da su ma, na wane harsashi?

Wata shekara da bazara jandarmomi suka kawo mana wata bindiga naɗe cikin buhu, daga wani ƙauye na hanyar Tanut, suna son mu duba mu rubuta abin da ya faru. An yi mata irin aikin da ake son yi wa taka. Da na kwance buhun, warin albarushi bai gama fita ba. Gidan harsashin ya kumbura ya buɗe kamar kwanon da mota ta taka, itacen ƙotar ya tsage gida biyu daga wuya, rabin kwanso na manne a mazauni, ɗaya rabin babu shi. Sai daga baya na ji inda ya tafi: likita ya yi ta tsince gutsattsarin tagulla daga kuncin mai bindigar da girarsa, idon dama kuwa bai tsira ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da wansa ya faɗa mini a bakin ƙofa. Ya ce, wallahi Malam an gwada ta, sau biyu aka harba a gabana lafiya lau. Na ce masa haka ne, ƙarfe ba ya fashewa ranar da aka zalunce shi, tsagewa yake a ɓoye yana jiran ranarsa. Yaron bai fi shekarunka ba. Garin neman gira aka rasa ido, kuma a nan ba karin magana ba ce.

Shi ya sa a ƙasashen da ke ƙera bindiga gwaji ba harbi biyu a bayan gari ba ne. Akwai gidajen gwaji na hukuma, irin na Liège a Beljiyam da na Saint-Étienne a Faransa wanda ke aiki tun 1782, da hukumar haɗin gwiwa da ake kira CIP da aka kafa a 1914. Ana ɗaure bindiga a cikin ɗaki mai kauri, babu mutum kusa, a harba ta da harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan da kashi 25 cikin ɗari, sannan a sake auna ta, a duba ko wani wuri ya motsa. Sai ta tsallake ake buga mata hatimi. Ka duba gindin bututun bindigar mahaifinka, za ka ga ƙananan tambura kusa da lambar. Shaidar wannan gwaji ke nan, kuma a dokar waɗannan ƙasashe duk bindigar da aka sauya wa bututu ko mazauni sai ta koma an sake gwada ta, domin tsohon hatimin ya faɗi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi kowace irin bindiga. Taka kuwa tana da ƙarin wani abu, tunda ita ke ɗura wa kanta. A jikin bututun akwai ɗan ƙaramin rami da ke satar kaɗan daga iskar albarushi bayan dalma ta wuce. Iskar nan ce ke dukan wani ƙarfe, shi kuma ya kwance sakata ya tura ta baya, ta fizge kwanso ta jefar, sifirin ya maido ta ta kwaso sabon harsashi. Girman ramin, da nisansa daga mazauni, da nauyin sakatar, da ƙarfin sifirin, duka an daidaita su ne a kan ƙarfin harsashi guda, kamar yadda ake ɗaure kalangu daidai da hannun mai kiɗa. Ba ta harsashi mai rauni, sakata ba za ta kai baya ba, kowane harbi sai ka sa hannu. Ba ta wanda ya fi ƙarfinta, za ta buɗe tun wuta ba ta lafa ba. Ga fuskar sakatar da aka fafe daidai gindin kwanson 7x64, ga ƙugiyar da ke kama bakinsa, ga gidan harsashi da aka yi wa dogon kwanso miƙaƙƙe alhali na kalashi gajere ne mai tsukakken kai, wanda shi ya sa ma gidansa ya lanƙwashe kamar ayaba. In ka lissafa abin da dole a sauya, za ka tarar ƙota kaɗai ta rage daga gadon mahaifinka.

Za ka ce to ai ana yi a wasu wurare, ka gani a waya. Gaskiya ne ana yi. A Amurka akwai irin bindigar da Eugene Stoner ya tsara wadda aka gina ta gida biyu tun daga kamfani, mutum ya cire na sama ya ɗora wani. Amma abin da yake ɗorawa rabin bindiga ne sukutum, da bututunsa da sakatarsa, kamfani ya ƙera ya auna. Rundunoni da dama kuma suna da kayan da ke sa bindigar soja ta ci ɗan ƙaramin harsashin .22 don koyon harbi da araha, shi ma daga kamfani yake fitowa, kuma saukowa ake daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi. Ko a can ɗin ma sauƙin ya jawo nasa bala'in. Akwai harsashin da ake kira .300 Blackout mai shiga mazaunin wani harsashi da ake kira .223 ya zauna daram, dalmarsa kuwa ta fi ramin bututun girma nesa ba kusa ba, kuma bindigogi da yawa sun tarwatse a hannun masu su saboda an haɗa gidajen harsashi biyu a jaka ɗaya.

Manyan ƙasashe ma da injiniyoyinsu sun sha kashi a wannan fage. A 1924 Faransa ta fito da sabon harsashi 7.5x58. Sai aka gano harsashin Mauser na Jamus, wanda dalmarsa ta fi kauri, yana shiga mazauninsa, kuma an yi ta samun fashewa. A 1929 dole suka gajarta kwanson zuwa 54 don kada na Jamus ya ƙara shiga. Shi ne harsashin bindigogin MAS 36 da MAS 49/56 da tsofaffin sojojinmu suka sani. Su waɗannan MAS 49/56 ɗin, da Faransa ta daina amfani da su aka sayar da tarinsu Amurka, aka sake fafe wasu don su ci 7.62x51, wanda faɗin dalmarsa kusan ɗaya ne da na asali. Duk da wannan kusanci, da yawansu sun zama abin kuka wurin masu su, suna yage gindin kwanso suna cijewa. Rundunar ruwan Amurka kuma ta so ta sauya wa bindigoginta Garand harsashi daga .30-06 zuwa na NATO ta hanya mai araha. Dalma iri ɗaya ce, kwanso ne kawai ya fi gajarta, sai suka cusa zobe a mazauni ya cike giɓin. Zoben ya riƙa fitowa tare da kwanson da aka harba, har suka haƙura suka koma sanya sabon bututu. Wannan dabarar zobe ita ce dai mutumin naka zai yi maka da walda da guduma.

Mu ma ɗauka aikin ya yi kyau, ba ta fashe ba. Me ka samu? Harsashin kalashi dalmarsa giram takwas ce, tana fita da gudun mita ɗari bakwai da ƴan kai a daƙiƙa, ƙarfin dukanta kusan rabin na 7x64 ne. Ka rage wa bindigarka ƙarfi da kuɗinka. Kuma harsashin soja an lulluɓe kansa da ƙarfe har tsini don ya huda ya wuce, ba ya buɗewa a jikin dabba kamar na farauta. Sai ka harbi gyado ko barewa ta tafi da rauni, ta je ta mutu cikin daji ba yanka, ta zama mushe, ka ɗauki alhakinta a banza. Dalmar da ta wuce kuma tana iya tafiya fiye da kilomita biyu, a dajin da ko'ina akwai makiyayi da ɗan kiwo. Ga shi yawancin tsofaffin harsasan sojan nan suna barin wani gishiri a bututu mai jawo tsatsa cikin kwana ɗaya biyu in ba a wanke ba.

Yanzu mu dawo kan abin da na ce ka riƙe. Bambancin nan tsakanin makamin farauta da makamin yaƙi yana nan a dokarmu ta Nijar. Farar hula na riƙe bindiga ne da izinin hukumar cikin gida, kuma takardar ba ta cewa wane na da bindiga kawai. Tana ɗauke da sunan mai ita, da ƙirar bindigar, da lambarta, da kalibar ɗinta. Ranar da kalibar ya sauya, abin da ke hannunka ba shi ne abin da ke cikin takardar ba. Farauta kanta tana da tata dokar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, da lokacin buɗewa da rufewa, da dabbobin da ba a taɓawa sam, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa yarda da makamin yaƙi a fagen farauta.

Sannan ka tambayi kanka, harsashin nan da aka ce ba ya wuyar samu, daga ina yake fitowa? Babu kantin da ke da izinin sayar wa farar hula da shi. Ko dai an sace shi daga rumbun gwamnati, ko ya biyo hanyar hamada tun bayan rushewar Libiya a 2011, ko ya fito daga wajen tafkin Cadi. Kusan kowane kwanso yana da lambar masana'anta da shekara a gindinsa, kuma masu bincike suna karanta su kamar yadda ake karanta wasiƙa. A halin da ƙasa ke ciki, da Diffa a gabas da mu, da abin da ke faruwa a kan iyakar kudu, in aka tsinci kwanson kalashi a ɗakinka babu wanda zai fara tunanin zabo. Kai da ka fito neman na miya sai ka tsinci kanka kana amsa tambayar da ba ka da amsarta, kuma kuɗin da ka biya ya shiga aljihun mutanen da ke kashe mana ƴan'uwa a hanya. Wannan ɓangaren ya fi fashewar bututu ɗaga mini hankali, domin ita fashewa mutum ɗaya take ci.

Akwai ma abin da ya riga duk wannan, kuma ban ji ka ambace shi ba. Izinin da sunan mahaifinka aka bayar, ba ya shiga rabon gado kamar gona ko raƙumi. Kafin ka yi tunanin harsashi, ka ɗauki takardun bindigar da takardar rasuwa da ta gado ka je wurin jandarma ko ofishin gwamna, ka bayyana cewa tana hannunka, ka nemi a mayar da izinin sunanka. Ka je da takardu tukuna, bindigar ta zauna a gida sai sun ce ka kawo ta. In izinin ya fito, to harsashin 7x64 bai ɓace daga duniya ba, kamfanonin Turai da dama suna yinsa har gobe, kuma dillalin makaman farauta mai lasisi na iya shigo maka da shi bisa takarda. Zai yi tsada, zai ɗauki lokaci, amma maharbin ƙwarai kwali ɗaya mai ashirin na kai shi shekara.

In kuwa ka zauna ka duba abin da kake farauta da gaske, zabo ne da fakara da zomo da kurciya, to wannan bindiga ta fi ƙarfin buƙatarka tun farko. Kalibar 12 mai baki ɗaya, irin Baikal ta Rasha da ta cika hannun maharbanmu, ita ce daidai da dajinmu, harsashinta na samuwa ta halal, kuma ba ta kai dalma inda ido bai kai ba. Ita ma da nata ƙa'idar: kada a sa mata dogon harsashi mai tsawon milimita 76 in an buga 70 a jikinta, kada kuma harsashin kalibar 20 ya kwana a aljihu ɗaya da nata, domin yana zurmawa cikin bututu ya maƙale, a ɗora na 12 a bayansa ba a sani ba. In kuma takardun tsohon sun ɓata, ko an hana ka izini, akwai hukumar CNCCAI da aka kafa tun 1994 don karɓar makaman da ba su kan ƙa'ida. Wanda ya kai da ƙafarsa ba ɗaya yake da wanda aka kama da ita ba. Na san da ciwo mutum ya rabu da abin da mahaifinsa ya riƙa ratayawa, ban ɗauki wannan da wasa ba.

Harsasai taran nan kuma ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi kore a jiki, ko wuyansa ya tsage, ko dalmarsa ke motsi in ka taɓa, ka ware shi ka miƙa wa hukuma, kada ka jefa a wuta ko a masai. Zafin ɗakin kwano na watan Afrilu yana lalata albarushi a hankali, don haka ka ajiye sauran a wuri mai sanyi, a kulle, nesa da bindigar, nesa da yara. Ita kuma ka goge ta da ɗan mai kaɗan, ba mai yawa ba, domin da hunturu mai da ƙura na haɗuwa su zama taɓo a cikin sakata. Ka sa ta cikin jakarta a kulle, kada ka toshe bakin da tsumma ka manta. Kuma duk ranar da izini ya fito za ka fita da ita, kafin ka ɗura komai ka leƙa bututun saitin haske daga gindi har baki. Bindigar da ta yi wata shida a rataye, sau da yawa zanzaro ya riga ya gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma wannan ɗan gini kaɗai ya isa ya fasa bututu.